BABI NA HUƊU: KURKUKU DA KOMAWA FAGE A FAIFAN SLICK RICK NA 1999

4.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an yi bayani a kan asalin gambarar zamani ta baƙaƙen fatar Amurka, wadda aka fi sani da rap, da yadda ta tsiro a unguwar Bronx ta birnin New York a shekarun 1970. A wannan babi kuwa za a ɗauki mawaƙi guda ɗaya, wato Slick Rick, a dubi yadda ya sake gina sana'arsa bayan ya shafe kimanin shekara 5 a tsare. Za a fi mayar da hankali a kan faifansa na huɗu mai suna The Art of Storytelling, wanda kamfanin Def Jam ya fitar a watan Mayu na 1999, domin shi ne aikin da ya fara yi a natse tun bayan faifansa na farko. Wajen feɗe waƙoƙin an bi hanyar da Sa'idu Muhammad Gusau ya shimfiɗa a littafinsa Jagoran Nazarin Waƙar Baka (1993), musamman abin da ya shafi turke da salo. Da yake ba don irin waɗannan waƙoƙi aka tsara hanyar ba, an ɗauki abin da ya dace ne aka bar wanda bai dace ba. Haka kuma, da yake waƙoƙin da Ingilishin titunan New York aka yi su, an wadatu da bayanin abin da suka ƙunsa da Hausa.

Akwai wani ra'ayi da ya yaɗu tsakanin masu sauraron gambara, cewa ɗauri yana ƙara wa mawaƙi kwarjini, yana kuma ba shi abin faɗa. Wannan babi zai yi ƙoƙarin nuna cewa tarihin Slick Rick bai goyi bayan wannan ra'ayi ba. Abin da kurkuku ta yi masa shi ne cinye masa lokaci, kuma faifan da ya dawo da shi ya fi ƙarfi a wuraren da ya koma ga tsohuwar baiwarsa ta ba da labari, ya fi rauni a wuraren da ya nemi ya ci kasuwa da sunan tsohon fursuna.

4.1 Mawaƙin Kafin Ɗauri

Sunansa na yanka Richard Walters. An haife shi a 1965 a Mitcham da ke kudancin Landan, iyayensa kuma 'yan asalin Jamaika ne. Tun yana jariri fasasshen gilashi ya lalata masa idon dama, wannan ne dalilin ƙyallen da yake rufe idon da shi, wanda daga baya ya zama alamarsa. A 1976 iyayensa suka ƙaura da shi zuwa Bronx, amma bai karɓi takardar zama ɗan ƙasar Amurka ba. Ya kamata a riƙe wannan batu da kyau, domin shi ne zai dawo ya zame masa ƙarfen ƙafa.

Ya fara fice ne a 1985 tare da Doug E. Fresh, lokacin yana amsa sunan MC Ricky D, da waƙoƙi biyu, "The Show" da "La Di Da Di". A ta biyun babu ganga babu kowane kayan kiɗa, Doug E. Fresh ne yake fitar da amon ganga da bakinsa, shi kuma yana jero labari a kai. A 1988 ya fitar da The Great Adventures of Slick Rick a ƙarƙashin Def Jam, faifan da ya sayar da kwafi sama da miliyan 1.

Waƙar da ta fi shafar wannan nazari a faifan ita ce "Children's Story". An gina ta ne a kan tsarin tatsuniya: yara sun kwanta, sun nemi kawunsu ya ba su labari kafin barci, shi kuma ya ba su labarin wani yaro ɗan shekara 17 da aboki ya ja shi cikin fashi har ya kasa dainawa. Wata rana ya tare wani mutum, ashe ɗan sandan ciki ne. Daga nan sai gudu, ya sami bindiga, ya saci mota, ya yi karo da bishiya, ya kama wata mace mai ciki zai yi garkuwa da ita sai zuciyarsa ta hana shi, daga ƙarshe 'yan sanda suka harbe shi. Murya mai laushi ce take ba da wannan mummunan labari, kamar ana lallashin yaro, kuma daga wannan saɓani tsakanin murya da labari ne waƙar ta sami ƙarfinta.

Shekara biyu bayan haka, a watan Yuli na 1990, mawaƙin ya harbi wani ɗan'uwansa wanda a da yake yi masa gadi, bayan sun ɓata har ya ce ɗan'uwan yana yi masa barazana. Harsashi ya kuma sami wani mai wucewa wanda bai san hawa ba bai san sauka ba. Babu wanda ya mutu a cikinsu. 'Yan sanda suka bi motarsa, ita ma ta ƙare a jikin bishiya. A 1991 ya amsa laifin yunƙurin kisa, aka yanke masa ɗaurin shekara 3 da wata 4 zuwa shekara 10. Masu sharhi da yawa sun lura da kamancin da ke tsakanin waƙar da abin da ya faru, har wasu suna ɗaukarsa kamar duba. A ganin mai wannan nazari abin bai kai haka ba. Mutumin da ya tashi a Bronx ta wancan zamani ya san yadda irin wannan gudu yake ƙarewa ba sai ya yi duba ba. Abin lura kawai shi ne sanin bai hana shi faɗawa ba.

4.2 Faifai Biyu na Zaman Shari'a da Ɗauri

Kafin a yanke masa hukunci, Russell Simmons, shugaban Def Jam, ya tsaya aka ba da belinsa, aka shigar da shi ɗakin ɗaukar murya domin ya zuba waƙoƙi iyakar iyawarsa kafin ƙofa ta rufe. Daga wannan aiki na gaggawa aka sami The Ruler's Back a 1991. Sai kuma Behind Bars a 1994, wanda ya fito yana tsare. Hausawa sun ce sauri ya haifi nawa. A faifan 1991 kiɗan yana gudu fiye da yadda muryarsa ta saba, sai kalmomi suka riƙa hawa kan juna, labarin yana ɓacewa a cikin hayaniya. Mai ba da labari yana buƙatar wurin numfashi, yana buƙatar ya dakata mai sauraro ya ƙosa, to wannan dama ce aka hana shi. Faifan ya tsaya a mataki na 29 a jadawalin Billboard, na 1994 kuwa a mataki na 51. Shi kansa mawaƙin bai ɓoye rashin gamsuwarsa da su ba a hirarrakin da ya yi daga baya.

Waƙar "Behind Bars" ita ce wurin da ya fuskanci zaman kurkuku kai tsaye, da cin zalin da fursunoni suke yi wa juna da tsoron da sabon shiga yake kwana da shi, duk a cikin salon barkwancinsa. Ba ta rasa armashi ba. Amma idan da gaske ɗauri yana haifar da fasaha, to a nan ne ya kamata a ga gwanintar da ta zarce ta 1988, kuma ba a gan ta ba.

Wani abin da ya tsawaita zamansa shi ne takardar zama ƙasa. Dokar Amurka ta ba da damar a kori baƙon da aka samu da babban laifi, ko da tun yana yaro yake ƙasar. Saboda haka wani kaso mai yawa na shekarun da ya yi a tsare ya tafi ne a jayayya da hukumar shige da fice. A 1995 wani alƙali ya yarje masa ya ci gaba da zama, amma a 1997 aka sake buɗe maganar aka ba da umarnin korarsa. Ke nan lokacin da yake shirya faifan da ake nazari, ya fito daga kurkuku amma takardar kora tana rataye a wuyansa.

4.3 Fagen da Ya Tarar

Shekarun da ya yi a tsare su ne shekarun da gambara ta sauya kama. Dr. Dre ya fitar da The Chronic a 1992, ƙungiyar Wu-Tang Clan da Snoop Dogg suka fito a 1993, Nas da Notorious B.I.G. suka biyo baya a 1994. Turken waƙoƙi ya karkata ga fataucin ƙwaya da bindiga da dukiya. Tupac Shakur ya nuna cewa kurkuku ma haja ce: faifansa Me Against the World ya hau mataki na 1 a 1995 yana tsare, kuma da ya fito ya yi All Eyez on Me a 1996 da zafin wanda aka saki daga keji. An kashe Tupac a watan Satumba na 1996, aka kashe B.I.G. a watan Maris na 1997. A 1998 kuwa taurarin da suke ɗauke da Def Jam su ne DMX da Jay-Z.

Sai dai akwai wani abin mamaki. Mutumin yana kulle amma muryarsa tana yawo a gari. Snoop Dogg ya sake rera "La Di Da Di" kusan ɗungurungum a faifansa na 1993. Montell Jordan ya ɗora waƙarsa "This Is How We Do It" a kan kiɗan "Children's Story" a 1995, ta kuma hau mataki na 1. Amshin "Hypnotize" ta B.I.G. a 1997 daga "La Di Da Di" aka tsakuro shi. A 1998 Mos Def da Talib Kweli suka yi tasu "Children's Story", ƙungiyar OutKast ta Atlanta kuma ta sa wa waƙoƙinta biyu suna "Da Art of Storytellin'". Wannan shi ne jarin da ya tarar da ya fito, kuma duk aikin 1985 da 1988 ne ya tara shi. Shekarun ɗauri ba su ƙara ko ƙwandala a kai ba.

Matsalar da ke gabansa ke nan a 1999: yana da shekara 34 a sana'ar da ake yi wa kallon ta samari, yaran da suka koya daga gare shi sun zama manya, kuma girmamawar da suke yi masa irin wadda ake yi wa wanda ya riga ya wuce ce.

4.4 Turken Faifan The Art of Storytelling

Sunan faifan yana nufin fasahar ba da labari, to amma wanda ya saurare shi daga farko har ƙarshe zai ga cewa babban turkensa kirari ne. Faifan yana da gaɓoɓi sama da 20 idan aka haɗa da gajerun wasannin murya da ke tsakanin waƙoƙi, kuma mafi yawan waƙoƙin, kamar "I Run This" da "I Own America" da "King Piece in the Chess Game" da "Impress the Kid", koɗa kai ne da zambo ga abokan hamayyar da ba a ambaci sunansu ba. Tun 1988 yake kiran kansa mai mulki, yana sa kambi da tulin sarƙoƙin zinariya, saboda haka kirari ba baƙonsa ba ne. Bambancin shi ne a 1988 kirarin ado ne a gefen labari, a 1999 kuwa ya zama shi ne ginshiƙi. Ba wuya a gane dalili. Sarkin da ya yi shekaru ba ya gari, idan ya dawo, abin da zai fara yi shi ne ya tuna wa mutane cewa gadon nasa ne.

Baƙin mawaƙan da aka gayyato su ma aikin da suke yi ke nan. Akwai Nas, da Raekwon na Wu-Tang Clan, da Snoop Dogg, da Big Boi na OutKast a waƙar "Street Talkin'" wadda Jazze Pha ya haɗa kiɗanta. Idan aka duba za a ga an ɗauko daga New York, an ɗauko daga yamma, an ɗauko daga kudu, wato kowane ɓangare ya turo wakili ya kawo gaisuwa. Dabara ce ta kasuwa, ta kuma yi aiki, domin faifan ya kai mataki na 8 a jadawalin Billboard, matakin da babu wani faifansa da ya taɓa kaiwa, ya kuma sayar da kwafi 500,000. Ta fuskar fasaha ma bai ji kunya ba a gaban yaran. A "Street Talkin'" Big Boi yana zuba kalmomi da sauri, shi kuma yana tafiya a hankali kamar mai taƙama, kuma kunne ya fi komawa ga mai tafiya a hankalin.

A cikin kirarin akwai wuri guda da ya fi sauran nauyi. A "I Own America" ya taɓo maganar korarsa daga ƙasa, ya nuna cewa ko an kore shi ƙasar tana hannunsa. Wanda bai san shari'ar da aka yi bayani a 4.2 ba zai ɗauka cika baki ne irin na kowane mawaƙi. Wanda ya sani kuwa zai ji habaici ne ga hukumar da take riƙe da takardunsa, daga bakin mutumin da aka ce ba ɗan ƙasa ba ne alhali rabin mawaƙan ƙasar da bakinsa suke magana. A nan kirari ya tashi daga wasa ya zama hujja.

Kurkuku kanta ba ta sami wuri mai yawa ba. Faifan ya buɗe da ɗan gajeren wasan murya mai suna "Jail Skit", wanda Redman da Rev Run da Ed Lover suka sa baki a ciki, sai waƙar da ta biyo baya, wadda ko sunanta bai dace a rubuta a kundi irin wannan ba. A cikinta mawaƙin ya ɗauki muryar wanda aka sako daga keji yana barazanar kisa ta ko'ina. Akwai masu ganin cewa gatse yake yi wa mawaƙan bindiga da suka cika fage bayan tafiyarsa, kuma yadda ya zuzuta abin har ya wuce hankali yana iya goyon bayansu. Duk da haka mai wannan nazari yana ganin ita ce mafi raunin waƙoƙin faifan. Gatse yana buƙatar tazara tsakanin mai magana da abin da yake faɗa, to wace tazara ce ke akwai ga mutumin da ya taɓa harbin mutane biyu da gaske? Idan wasa yake yi, akwai wanda harsashinsa ya sama yana tafiyarsa a titi, kuma shi ba zai ji abin dariya a ciki ba. Idan kuma da gaske yake, to ya zama mai bin sawun yaransa. An ce idan kiɗa ya sauya rawa ma sai ta sauya, amma wannan rawa ba ta karɓe shi ba, kuma ajiye waƙar a farkon faifai yana nuna cewa an so a sayar da shi a matsayin tsohon fursuna kafin a sayar da shi a matsayin mai hikima.

Waƙoƙi biyu ne suka cika alkawarin sunan faifan. Ta farko ita ce "2 Way Street". Mai ba da labarin mawaƙi ne da yake haɗuwa da mata a yawon wasanninsa, magana ta yi nisa har an kusa aikata abin da ba ya kyautuwa, sai ya tuna yana da mata a gida, ya janye. Abin ya sake faruwa da wata, ya sake janyewa. Gwanintar tana cikin yadda yake kai mai sauraro har bakin rami kafin ya juya, da yadda bai mayar da kansa waliyyi ba: sha'awar tana nan, kunyar janyewar ma tana nan, har abin ya zama abin dariya. Idan aka tuna cewa wannan mawaƙi ne ya yi "Treat Her Like a Prostitute" a 1988, waƙar da ta jawo masa suka mai yawa saboda yadda ta wulaƙanta mata, za a ga tafiyar da aka yi. Ya yi aure a 1997, kuma wannan ita ce waƙar da ta fi nuna mutum mai shekara 34 da yake da abin da zai yi asara. Sai dai kada a yi saurin yanke hukunci cewa ya shiryu gaba ɗaya, domin a faifan nan dai akwai "Adults Only", wadda batsar da ke cikinta ta hana a yi bayaninta a nan.

Ta biyu, wadda a ganin wannan bincike ita ce zuciyar faifan, ita ce "Who Rotten 'Em". An kai labarin ƙasar Masar ta zamanin Fir'auna. Mai magana bawa ne, aka aiko a tafi da shi fada domin an ji labarin ya iya sarrafa harshe, aka tsayar da shi gaban sarki ya yi waƙa, ya kuwa san cewa idan bai burge ba ransa ne a bakin takobi. Ya buɗe baki, fada ta ɗauka, aka sauya masa matsayi. Babu kalmar kurkuku ko ta shige da fice a cikin labarin, amma duk abin da ya same shi yana ciki. Ga baƙo a ƙasar da ba tasa ba, ga mai iko da yake riƙe da rayuwarsa, ga kuma harshe a matsayin dukiya ɗaya tak da ba a iya ƙwace masa ba. Har ila yau ana iya karanta fadar a matsayin kamfanin faifai, wanda ya fitar da shi beli a 1991 domin ya yi waƙa kafin a rufe shi. Waƙar ba ta tilasta wa mai sauraro ya zaɓi fassara ɗaya ba. Abin da ya fi muhimmanci shi ne ba a 'yanta bawan don an gane bautar zalunci ce ba, an ɗaga shi ne don ya iya nishaɗantar da mai gida, kuma dariyar da ke cikin muryar mai ba da labarin tana nuna ya san haka. Wannan ya fi duk abin da ya faɗa a "Behind Bars" zurfi, ga shi kuwa sai da ya yi nisa da kurkuku, ya kuma sa rigar wani mutum na wani zamani, sannan ya iya faɗarsa.

Akwai labari ɗaya da faifan bai bayar ba, wato na ranar harbin kanta. Mawaƙin da ya iya shiga zuciyar yaro ɗan fashi a 1988, har ya nuna lokacin da yaron ya saki mace mai ciki, bai shiga zuciyar kansa ba a 1999. Ana iya kawo masa uzuri cewa mai shari'a a gaban hukuma ba ya sakin baki, domin duk abin da ya rera ana iya karanta shi a kotu. Uzuri ne mai ƙarfi. Amma ya kamata a faɗa cewa giɓin yana nan, kuma faifan da aka sa wa suna fasahar ba da labari ya zagaye labarin da ya fi kowanne nauyi a rayuwar mai shi.

4.5 Salo

Babban makamin Slick Rick shi ne murya. Lafazinsa gauraye ne na Landan da Bronx, yana jan wasula, yana sassauta baƙaƙe, kuma ba ya ɗaga murya ko da yana zagi. A zamanin da DMX yake haushi kamar kare a faifai, wannan sanyin murya ya zama abin da ya bambanta shi da kowa. Haka kuma yana sauya murya gwargwadon mai magana: ya yi ta mace, ya yi ta sarki, ya yi ta dogari, duk shi kaɗai, kamar yadda gwanar tatsuniya take yi wa Gizo tsamin baki ta yi wa kura kakkausar murya. A faifan 1999 an yi amfani da na'urar ɗaukar murya aka ɗora muryoyin a kan juna, sai ya zama yana yi wa kansa amshi, yana yi wa kansa tambaya, wani lokaci yana katse kansa. Wannan ne ya sa "Who Rotten 'Em" take kama da wasan kwaikwayo na rediyo.

Ta fuskar amsa-amo an sami ci gaba a kan 1988. A da ya fi dogara ga amsa-amon ƙarshen layi, yanzu kuwa yana cusa na ciki, gaɓa biyu ko uku suna amsa juna a tsakiyar layi, yana kuma karya jimla a inda ba a zata ba domin amon ya faɗa daidai. Wannan salo ne da Nas da tsararsa suka yawaita, ke nan malamin ma ya saurari ɗalibansa. Illar ita ce a wasu waƙoƙin kirari amon yana rinjayar ma'ana, a ji daɗin layi a kunne amma a rasa abin da aka ce. Kiɗan, wanda DJ Clark Kent da Kid Capri suke cikin masu haɗa shi, an sassauta shi an bar wa muryar fili, wato an gyara kuskuren 1991. An rufe faifan da "La Di Da Di" da "The Show" waɗanda aka ɗauka a gaban jama'a tare da Doug E. Fresh, abin da yake daɗa nuna cewa a kan tsohon tushe aka yi sabon ginin.

4.6 Abin da Ya Biyo Baya

Nasarar 1999 ba ta zama mafarin jerin faifai ba. A watan Yuni na 2002, bayan ya yi wasa a wani jirgin ruwan yawon shaƙatawa, jami'an shige da fice suka kama shi a jihar Florida bisa tsohon umarnin kora. Ya yi wata 17 a tsare ba tare da ya aikata sabon laifi ba, sai a watan Nuwamba na 2003 aka sake shi bayan hukuncin mai shari'a Kimba Wood. A watan Mayu na 2008 gwamnan jihar New York, David Paterson, ya yi masa cikakkiyar afuwa a kan laifin 1990, sannan a watan Afrilu na 2016 ya zama ɗan ƙasar Amurka, shekara 40 bayan isowarsa Bronx. A tsawon wannan lokaci ya rayu ne da wasannin dandali da sa baki a waƙoƙin wasu. A 2023 hukumar da ke ba da kyautar Grammy ta karrama shi da lambar yabo ta aikin rayuwa. Faifansa na biyar, Victory, wanda ya yi da taimakon ɗan wasan fim Idris Elba, bai fito ba sai a watan Yuni na 2025, shekara 26 bayan The Art of Storytelling, lokacin yana da shekara 60. Za a duba wannan faifai a babi na biyar.